Tashin farashin wayar wuta: yaya ɗan kwangila a Sakkwato zai auna haɗarin jan ƙarfe kafin ya sa hannu?

Mai wayarin, Mabera

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da 'yan kasuwa da abokan sana'a. Na daɗe ina aikin wayarin ɗin gidaje da haɗa sola a cikin garin Sakkwato da ƙauyukan Wamakko da Kware, amma abin da ya same ni bara shi ya sa na kawo wannan tambaya. Na ba wani mai gini farashin wayarin ɗin gidajensa, muka daidaita, sai aka yi wata huɗu kafin ya sake mini kuɗin kafin alƙalami. Ranar da na shiga kasuwa da kuɗin, rol ɗin wayar da na yi lissafi a kansa ya riga ya tashi, kuma da na koma wa mai ginin sai ya nuna mini takardar da na sa wa hannu, ya ce magana ta ƙare. Na kammala aikin domin kare mutuncina, amma sai da na sayar da babur ɗina kafin na sallami yaran da suka yi aiki tare da ni.

Yanzu an yi mini tayin aikin da ya fi wancan girma: gidaje 12 da rijiyoyin burtsatse biyu masu aiki da sola. A lissafina zan buƙaci rol 120 na waya mai lamba 2.5 (lambar ita ce kaurin jan ƙarfen da ke cikinta), ban da ta 1.5 da manyan kebul ɗin da za a janyo daga taransifoma, kuma za a biya ni kashi uku cikin wata takwas. Duk shagon da na shiga amsa ɗaya ake ba ni, wai kofa, wato jan ƙarfe, ce ta tashi a duniya. Ina son in fahimci abin da ke tayar da ita, da ko akwai alamar da mutum zai gani tun kafin tashin ya iso mana nan, sannan ko ya dace in ci bashi in saye wayar gaba ɗaya in ajiye. Allah ya saka da alheri.

Tsohon ma'aikacin banki, Gawon Nama

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri a kan asarar bara. Masu shago ba su yi maka ƙarya ba, sai dai rabin maganar suka faɗa maka.

Jan ƙarfen da ake haƙowa a duniya a shekara ya ɗan haura tan miliyan 22, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasar Chile kaɗai yake fitowa, sai Kwango da Peru da ke bi mata. Ƙasar Sin ce ke tace kusan rabinsa, ita ce kuma ke amfani da fiye da rabinsa. Kayan da tushensa ya taru a hannun ƙasashe kaɗan haka, matsalar wuri ɗaya takan girgiza kasuwar gaba ɗaya. A 2017 ma'aikatan Escondida ta Chile, mahaƙar da ta fi kowace girma a duniya, sun yi yajin aiki na kwana 44. A watan Nuwamba na 2023 kotun ƙolin Panama ta soke yarjejeniyar mahaƙar Cobre Panama bayan zanga-zangar jama'a, aka rufe ta, wajen tan 350,000 a shekara ya fita daga kasuwa lokaci guda. Shekarar 2025 kuwa ta zo da masifu a jere: ruwa ya cika wani sashe na Kamoa-Kakula a Kwango a watan Mayu, rami ya rufta a El Teniente ta Chile a ƙarshen Yuli mutum shida suka rasu, sannan a Satumba laka ta kwararo cikin mahaƙar Grasberg ta Indonesiya ta kashe ma'aikata bakwai, har kamfanin ya sanar da masu saye cewa ba zai iya cika alkawuransa ba. Abin da ya sa irin wannan giɓi ba ya cikewa da wuri shi ne, daga gano ma'adinin zuwa fara haƙarsa a sabon wuri akan ɗauki fiye da shekara 15, kuma dutsen da ake fasawa yanzu sau da yawa jan ƙarfen da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A ɗaya ɓangaren kuma buƙata ƙaruwa take yi, domin motar lantarki tana cin jan ƙarfe ninki uku ko fiye na motar fetur, ga sola, ga sababbin layukan wuta a ko'ina.

Farashin da masana'antun waya na Legas da Ogun da Nnewi suke dubawa shi ne na kasuwar ƙarafa ta Landan, wadda ake kira LME, kuma da dala ake yanke shi a kan kowane tan. A watan Maris na 2020 ya faɗi ƙasa da dala 5,000, a Mayun 2021 ya haura 10,000, a Mayun 2024 ya wuce 11,000, kuma a ƙarshen 2025 ya sake wuce wannan matsayi. Kana iya duba shi kowace safiya a wayar hannunka ba tare da ka biya ko sisi ba.

Ga rabin da ba a faɗa maka ba. A tsakiyar 2023 tan ɗaya yana wajen dala 8,500, wato daga nan zuwa ƙololuwar 2024 ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A daidai wannan lokacin, tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, ta ninka fiye da sau uku. Saboda haka a ganina, abin da ya fi cin 'yan kwangilarmu a shekarun nan canji ne, matsalar mahaƙai ta zo ta hau kansa.

Shawarata ita ce ka daina ƙirga wayarka da rol, ka koma ƙirga ta da kilo. Rol mai mita 100 na lamba 2.5 yana ɗauke da jan ƙarfe wajen kilo 2.2, don haka rol 120 ɗinka kusan kilo 270 ne. Mu ƙaddara da sauran wayoyin da kebul duka sun kai kilo 400, mu kuma ƙaddara tan yana dala 10,000, dala tana naira 1,500, ka ga jan ƙarfen da ke cikin aikin naira miliyan 6 ne. Idan tan ya koma dala 11,000, ka yi asarar naira 600,000. Idan bai motsa ba amma dala ta koma 1,650, asarar ita ce dai 600,000. Idan suka tashi tare, asarar ta zama miliyan 1 da dubu 260, domin ɗaya yana ninka ɗaya ne. Ka ɗauki wannan adadi ka aza shi kusa da ribar da kake sa rai. Idan ya cinye ta, to takardar da aka ba ka ba ta sa hannu ba ce a yadda take, sai an rubuta a ciki cewa farashin waya na kwana 14 ne kawai, ko kuma za a sake lissafin ɓangaren waya a ranar da aka biya kowane kaso, bisa takardar farashin masana'anta ta wannan ranar.

Game da bashi kuwa, ka tuna Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Bashin da ke cin kusan kashi 30 a shekara, a wata takwas ya ci kashi 20, wato ka biya tashin farashin tun kafin ya faru.

Dillalin kayan wuta, Babbar Kasuwa

Ranka ya daɗe, Yallaɓai, lissafinka ya fita, kuma ni kaina na ƙaru da maganar kilo. Amma ina da gyara a wuri ɗaya, domin kada Malam ya riƙa shigo mana da farashin Landan a waya yana cewa an rage, mu ma mu rage.

Tsakanin Landan da Sakkwato akwai tafiya mai nisa. Masana'anta takan sayi sandar jan ƙarfenta da dala watanni kafin ta zama waya, ta biya kwastan, ta sayi roba, ta ƙona gas ko dizal, sannan mota ta ɗauko kayan ta yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ta sauke mana. Idan farashi ya tashi a waje, cikin kwana biyu ko uku sabuwar takarda take iso mana, kuma dole mu bi ta ko da kayan da ke shago tsoho ne, domin wanda ya sayar a tsohon farashi ba zai iya mayar da adadin rol ɗin da ya fitar ba. Na ga wanda ya yi wannan kuskure a 2023, ya sayar da rol ɗari yana murnar ciniki, da ya je sari kuɗin bai kawo masa saba'in ba. Idan kuwa farashi ya sauka a waje, masana'anta ba ta saukewa sai ta gama da kayan da ta saya da tsada, shi ya sa saukar takan yi nawa, wani lokaci ma ba ta zuwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Wani ɓangare na cinikinmu na mutanen Nijar ne da ke shigowa ta Illela daga Konni. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a Maris na 2024, kaya sun kwanta mana, kuma da yawanmu mun rage sari. Idan kuma sefa ta yi ƙarfi a kan naira, su kan kwashe kayan cikin 'yan kwanaki, ɗan gari ya zo ya tarar babu. Don haka wani ƙarancin da Malam zai gani a kasuwa ba daga Chile ya taso ba, daga bakin iyaka ne.

Maganar saye a ajiye kuma, ina roƙon Malam ya yi tunani a kan inda zai ajiye. Duk wanda ya ga gobarar da ta tashi a kasuwar nan a watan Janairu na 2021 ba zai so ya tara dukiyarsa wuri ɗaya ba. Waya kuma kaya ce da ɓarawo ke so fiye da siminti ko tayil, tunda ba ta da nauyi kuma tana da mai saye a kowane lokaci: a ƙone robar, a kai wa masu sikeli, a karɓi kuɗi nan take. Duk lokacin da kofa ta yi tsada satar kebul ɗin taransifoma takan yawaita, kowa a unguwanninmu ya san wannan. Idan zai saya, ya saya daidai kuɗin kafin alƙalamin da aka ba shi, ya fara da manyan kebul domin su suka fi ɗaukar jan ƙarfe, ya bar soket da makunni da bututu zuwa kaso na gaba.

Injiniyar lantarki, Runjin Sambo

Ina yi wa iyayena da yayyena sallama. Abin da ya fi damuna a wannan batu bai fito a lissafin naira ba, kuma shi ne nake haɗuwa da shi idan aka kira ni duba gini bayan an gama.

Idan jan ƙarfe ya yi tsada, ba kowane mai kaya ne ke ƙara farashi ba, wani rage kayan yake yi. Akwai wayar da aka rubuta mata 2.5 amma cikinta bai kai ba, akwai rol ɗin da aka ce mita 100 ne amma in an warware ba ya kaiwa, sannan akwai wadda ta fi su haɗari, wato alminiyam da aka yi wa fentin jan ƙarfe a baya. A ido ba za ka bambance ta ba. Alminiyam kuwa ƙarfinsa na gudanar da wuta kusan kashi 61 cikin ɗari ne na jan ƙarfe mai kauri ɗaya, yana saurin karyewa a wurin ɗauri, kuma idan ya saki a bayan soket nan zafi ke taruwa. Watannin baya na buɗe akwatin rarraba wuta a wani gida da na'urar sanyaya ɗaki ke yawan kashe kanta, na tarar robar wayar ta yi baƙi ta manne da bututu, da na kankare bakinta da wuƙa sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Mai gidan ya ce an yi masa rangwame sosai a kanta. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanayinmu kuma yana ƙara tsananta abin. Jadawalin da ake duba ƙarfin waya da shi an gina shi ne a kan zafin digiri 30, robar da ke jikin wayar kuma iyakarta digiri 70. A nan Sakkwato daga Maris zuwa Mayu muna wuce 40 a inuwa, cikin silin ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa. A digiri 45 wayar kirki ma sai an rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta za ta ɗauka, balle wadda tun asali ba ta cika ba.

Yaya mai tambaya, gwajin ba shi da wuya. Ka tafi kasuwa da ƙaramin sikeli, ka sa a yanka maka mita ɗaya, ka feɗe robar ka auna: na lamba 2.5 ya kamata ya kai wajen giram 22, na alminiyam kuwa ko rabin haka ba zai kai ba. Idan kana da na'urar gwajin wuta, ka auna turjiyar rol ɗin daga baki zuwa baki, mita 100 na jan ƙarfe na gaskiya zai ba ka wajen om 0.74 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), abin da ya zarce haka da yawa ka bar shi. Ka duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya, da sunan masana'anta a jikin robar kanta, ba a takardar da aka naɗe ta da ita kawai ba. Kuma ina ba ka shawara ka rubuta sunan masana'anta da kaurin kowace waya a cikin yarjejeniyar, domin idan wani ya zo ya karya maka farashi da rabi, mai aikin ya san ba kaya ɗaya kuke magana a kai ba.

Malamin makaranta, Gidan Igwai

Tunda an ambaci bashin banki, ina so in tunatar da ɗan'uwa cewa shari'a ta buɗe wata ƙofa da ta dace da halin da yake ciki, ita ce cinikin salam. Ya zo a hadisin Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino tun kafin ya nuna, sai ya umarce su da su yi hakan a kan sanannen mudu da sanannen nauyi zuwa sanannen lokaci. Waya kaya ce da ake iya siffanta ta sarai, da kaurinta da tsawonta da masana'antarta, saboda haka yana iya biyan dillali kuɗin rol kaza gaba ɗaya yau, a rubuta cewa za a ba shi kayan a wata kaza, farashi ya tsaya ke nan, kuma ajiya ba ta kansa. Sharaɗin shi ne a biya kuɗin duka a farko, kada ya zama bashi a kan bashi. Idan kuɗin hannunsa bai kai ba, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna yin murabaha, su sayi kayan su sayar masa da ribar da aka sani tun farko, sai dai ya kwatanta ribar tasu da abin da yake tsoron farashi zai ƙara.

Tsohon ma'aikacin banki, Gawon Nama

Allah ya gafarta Malam, wannan hanya ce mai kyau, kuma a ma'ana ita ce manyan kamfanoni ke bi a Landan idan suka ƙulle farashin wata uku. Abu biyu kawai zan ƙara. Wanda ya biya kuɗi kafin ya karɓi kaya ya sauya haɗarin farashi ne da haɗarin mutum, domin idan kofa ta yi tashin da dillalin bai zata ba, shi ne zai shiga matsi, kuma mai rauni yana iya kasa cikawa. Wannan ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai yake samu ba, a 2014 an gano a tashar jiragen ruwa ta Qingdao a ƙasar Sin cewa an jinginar da ƙarfe ɗaya ga bankuna da yawa da takardun ajiya na bogi, manyan bankunan duniya suka yi asara. Don haka a yi da dillalin da ke da wakilcin masana'anta kai tsaye, a rubuta, a sa shaidu.

Na biyu, farashi yana faɗuwa kamar yadda yake tashi. A watan Yuli na 2025, da Shugaba Trump ya ce zai sa harajin kashi 50 a kan jan ƙarfen da ke shiga Amurka, 'yan kasuwa suka yi ta tura kaya can, farashin New York ya yi sama. Da sanarwar ta fito a ƙarshen watan aka ga tataccen jan ƙarfe ba ya ciki, farashin ya zube da kusan kashi 20 a yini ɗaya. Wanda ya ƙulle farashi ya sani cewa kariya ya saya, idan kasuwa ta sauka bayan haka kada ya ɗauka an cuce shi.

Mai wayarin, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi da buɗi. Jiya da dare na zauna na mayar da lissafina zuwa kilo kamar yadda Yallaɓai ya koyar, na tarar manyan kebul ɗin rijiyoyin da na taransifoma sun fi ɗaukar jan ƙarfe fiye da yadda nake zato, kuma idan kofa da dala suka tashi tare da kashi goma-goma, abin da zai rage mini bai kai kuɗin sallamar yara ba. Na fasa maganar bashin banki. Da safen nan na je wurin mai aikin da sharuɗɗa biyu: ko dai ya ƙara kason farko yadda zai isa in biya kuɗin wayar duka a yi salam da dillali, ko kuma ya sayi wayar da kansa bisa kauri da masana'antar da zan rubuta masa, ni in tsaya a kan kuɗin aiki da sauran kayan. Ya nuna ya fi karkata ga na biyun, amma ya ce sai ya yi shawara da ɗan'uwansa da suka haɗa jari, zai ba ni amsa bayan sallar Juma'a.

Injiniya, na sayi sikelin, kuma na gwada ragowar wayar da ta rage mini daga aikin bara, mita ɗaya ta ba ni giram 21 da ɗoriya. Alhaji mai shago, idan Allah ya kai mu Asabar zan shigo kasuwa da jerin kebul ɗin, ina son ka duba mini waɗanda ake samu a nan da waɗanda sai an yi odarsu daga Legas, da kwanakin da suke ɗauka kafin su iso.